Kwanakin Nowel a Unguwar Aljirif

Yara, ku ɗauko taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Nijar, ku bi gabas, ku ratsa Cadi. Ƙasar da kuka shiga ita ce Sudan. Babban birninta Hartum ne. A nan ne manyan koguna biyu suke haɗuwa. Farin Nilu yana zuwa daga kudu, daga wajen tafkin Biktoriya. Shuɗin Nilu kuma yana gangarowa daga tafkin Tana, a ƙasar Habasha. In sun haɗu sai su zama kogi ɗaya, su nufi Masar.

Garuruwa uku ne suke kallon juna a wannan mahaɗa: Hartum, da Umdurman, da Bahri. Yau za mu ziyarci wata unguwa ta can mai suna Aljirif. Za mu ga yadda iyalai masu ƙananan yara suke zaman gida a ƙarshen Disamba da farkon Janairu, lokacin da Kiristoci suke bikin haihuwar Annabi Isa. Wannan biki shi ne muke ce wa Nowel, daga Faransanci. A Najeriya kuwa ana ce masa Kirsimeti.

Ku lura da abu ɗaya tun yanzu. A shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, ya sauya abubuwa da yawa. Zaman da za mu fara bayyanawa, zaman unguwar ne kafin yaƙin.

Unguwa a bakin kogi

Aljirif kashi biyu ce. Akwai ta yamma, a ɓangaren Hartum. Akwai ta gabas, a ƙetaren ruwa. Shuɗin Nilu ne ya raba su. Sunan daga Larabci ya fito, ma'anarsa ƙaramar gaɓar kogi.

Kowace shekara, a watannin Agusta da Satumba, kogin yakan cika ya tumbatsa. In ruwan ya janye sai ya bar laka mai kyau a gaɓa. Da wannan laka mutanen unguwar suka samu sana'a biyu. Ta farko ita ce lambu: tumatir, da albasa, da ganyaye iri-iri, kamar noman rani na ƙasarmu. Ta biyu ita ce yin jan tubali. Ana kwaɓa laka, a zuba ta a ma'auni, a shanya, sa'an nan a jera a gasa da wuta. Gidaje da yawa na Hartum da tubalin bakin wannan kogi aka gina su.

Yadda Hausawa suka je can

Tun kafin zuwan jirgin sama, maniyyata daga ƙasar Hausa sukan tafi Makka da ƙafa, ko bisa jaki da raƙumi. Sukan bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, da Kordofan, har su kai bakin Nilu. Daga nan su nufi Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko wata sana'a. Wasu sun yi aure a hanya, sun haihu, sun zauna ke nan.

A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, suka kafa garin da har yanzu ake kira Maiwurno. A 1925 kuma aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Hausawa da yawa suka sami aiki a ciki. Daga baya jikokinsu suka bazu cikin birane, har da unguwannin Hartum da Umdurman.

Waɗannan mutane ƴan Sudan ne. Yaransu suna Larabci a makaranta da kasuwa, suna Hausa a gida. Sun kuma ba ƙasar wani abu nasu. Tsiren da ake sha'awa a Hartum sunansa agashe. Ku sake faɗar kalmar a hankali. Kun gane harshen da ta fito?

Su wane ne maƙwabta?

Mafi yawan mutanen Aljirif Musulmi ne, Hausawan can ma haka. Amma ba su kaɗai ba ne a unguwar. Aljirif ta yamma ta yi suna da yawan baƙi daga Habasha da Iritiriya, waɗanda yaƙi ko neman aiki ya kawo. Da yawa daga cikinsu Kiristoci ne. A cikin birnin akwai kuma Kiristoci daga duwatsun Nuba da daga Kudu. A Umdurman akwai Kibɗawa, Kiristocin da asalinsu Masar ne, waɗanda suka daɗe a unguwar Masalma.

Saboda haka yaro ɗan Aljirif yakan tashi ya tarar abokin wasansa yana da wata salla dabam da tasa. Ta yaya iyaye suke koya wa ƙananan yara zama da wannan? Mu shiga wani gida na Hausawa mu gani. Ba sai mun faɗi sunan kowa ba, don irin wannan gida yana da yawa.

Rana ɗaya ta hunturu

Disamba lokacin sanyi ne a Hartum, kamar a Damagaram ko Maraɗi. Ba a ruwan sama. Iska mai sanyi tana busowa daga arewa. Da rana akwai ɗumi, amma da asuba sai an lulluɓa.

Bayan sallar asuba maigida ya saɓa fartanya ya nufi lambu. Inna ta hura gawayi a tsakar gida ta ɗora shayi da madara. Yara sun kewaye murhu suna jin ɗumi. Kaka tana zaune a kan gadon igiya, tana shafa wa autan gida man riɗi a ƙirji da ƙafafu, don kada sanyi ya kama shi, kada kuma fatarsa ta tsage. Yaran maƙwabta suna ce wa kaka habboba, wato kaka da Larabcin Sudan.

A nan akwai abin kiyayewa. Komin sanyi, inna ba ta barin murhun gawayi a ɗaki in za a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a kuma jin warinta. In ɗaki a rufe yake, tana iya kashe mai barci. Haka nan ba a barin mai rarrafe kusa da wuta ko tukunyar shayi.

Da hantsi ake karin kumallo: dafaffen wake mai suna ful, da man riɗi, da burodi. Da la'asar, in maigida ya dawo, a ci kisira da miyar busasshiyar kuɓewa. Kisira da ƙullun dawa ake yin ta, ana shimfiɗa shi a kan ƙarfe mai zafi, ta fito siririya kamar takarda. Kowa ya wanke hannu, a kewaye faranti ɗaya.

Da dare, in akwai farin wata, yaran layi sukan fito wasa. Ɗaya ya jefa ɗan ƙashi nesa, sauran su bazu suna nema. Wanda ya tsinta ya sheƙa da gudu, a bi shi. A wurin wannan wasa ba a tambayar addinin kowa. In an gaji sai a taru wajen kaka a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Yaran Habasha ba sa jin Hausa sosai, amma sun san Gizo mayaudari ne.

Daren yin biskit

Kwanaki kaɗan kafin 25 ga Disamba, gidan maƙwabta ƴan Nuba ya cika da aiki. An share ko'ina, an wanke labule. An sayo wa yara sababbin tufafi da takalma. Matan aure sun ƙunsa lalle.

Babban aiki shi ne yin ka'ak, wani irin biskit na fulawa da mai da sukari. A Sudan ba a salla sai da shi, ko a gidan Musulmi ko a gidan Kirista. Mace ɗaya ba ta iya wannan aiki ita kaɗai. Sai matan layi su taru da dare, kowa da kwanonta. Wannan taimakon juna shi suke kira nafir, mu kuma muna ce masa gayya.

Inna ta goya jariri ta shiga gayyar. Ba ta manta ba, a ƙarshen azumin bara wannan maƙwabciya ce ta kwana tana taya ta murza nata. Yara ma suna da aikinsu. Ƙanana suna danna ƙullu da ma'auni su fitar da siffar wata ko tauraro. Manya suna ɗaukar faranti a ka, su kai gidan burodi a gasa. A hanyar dawowa ba a rasa wanda ya ɗanɗana ɗaya.

Ranar 25 ga Disamba

Tun daren 24, ko da safiyar 25, Kiristocin Katolika da na sauran ɗariƙu sukan tafi coci. Wasu sukan je babbar majami'ar Matta mai tsarki, wadda aka gama ginawa a 1908 a bakin Shuɗin Nilu. Wasu sukan je ƙananan coci-coci na unguwanni, inda ake waƙa da kiɗa cikin harsunansu. In an dawo sai a bar ƙofa a buɗe. Duk wanda ya shigo, a ba shi ka'ak da alawa da dabino da ruwan zoɓo. Gaisuwar da ake yi ita ce dai wadda ake yi da sallar Musulmi, ma'anarta Allah ya maimaita mana cikin lafiya.

A wannan safiya ƴar gidan Hausawa mai shekara biyar ta leƙa waje. Ta ga ƙawarta da sabuwar riga da jan takalmi. Ta dawo da hawaye.

"Inna, ni me ya sa ba a ɗinka mini ba?"

"Yau sallarsu ce, ƴata. Tamu tana tafe. Ranar da kika sa taki da ƙaramar salla, ita kuka ta yi?"

"A'a, Inna. Cewa ta yi ta yi mini kyau."

"To, ke ma je ki gaya mata haka."

Yarinyar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "In sun ba ni biskit in ci?"

"Ki ce bismilla ki ci. Fulawa ce da sukari, da hannuna na murza ta."

Ku lura da abin da inna ta yi. Ba ta kai ƴarta coci ba, maƙwabciyar ma ba ta nemi haka ba. Kowa yana kan addininsa. Amma ta koya mata taya wani murna, ko da ba ranarta ba ce.

An daɗe ana hutun aiki a Sudan ranar 25 ga Disamba. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa, ranar 9 ga Yuli 2011, Kiristoci da yawa suka koma can, gwamnati kuma ta soke hutun. Sai a Disamban 2019, bayan faɗuwar mulkin Umar al-Bashir, gwamnatin riƙo ta Abdalla Hamdok ta mayar da shi.

Sati ɗaya bayan Nowel akwai ranar da ta haɗa kowa. Ita ce 1 ga Janairu, ranar da Sudan ta sami ƴancin kai a 1956.

Me ya sa wasu sai 7 ga Janairu?

Ranar 25 ga Disamba gidan ƴan Habasha shiru yake. Su har yanzu azumi suke yi. Su da ƴan Iritiriya masu bin tsohuwar coci, da Kibɗawa, sukan yi kwana 43 ba sa cin nama, ba sa cin ƙwai, ba sa shan madara. Sallarsu sai 7 ga Janairu. Ga dalili.

Duniya tana kewaya rana cikin kwana 365 da kusan awa 6. Tsohuwar kalanda ta zamanin Rumawa ta ƙirga awa 6 cif. Ashe ta ƙara wajen minti 11 a kowace shekara. Minti 11 ba kome ba ne, amma cikin shekara 128 sukan taru su zama kwana guda. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara lissafin, aka tsallake kwana 10. Kalandarsa ce muke amfani da ita a makaranta. Cocin Masar da na Habasha kuwa suka riƙe tsohon lissafi. Yanzu bambancin ya kai kwana 13. Ku ƙirga kwana 13 daga 25 ga Disamba, ku ga inda za ku tsaya.

Daren 6 ga Janairu, ƴan Habasha da ƴan Iritiriya sukan sa fararen tufafi su tafi coci, su daɗe suna addu'a. In gari ya waye sai a ci injera da miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai. Injera ƴar'uwar kisira ce, sai dai ta fi kauri da laushi. Uwar gida ta soya gahawa a gaban baƙi, ta daka, ta dafa a tulun ƙasa. Yara kuma a cika musu hannu da gugguru.

Sallolin Musulmi da wata ake lissafa su. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, saboda haka kowace shekara sukan matso da kwana 10 ko 11. Shi ya sa Nowel kullum da sanyi take zuwa, amma azumi yakan zagaya damina da rani. A 2015 Mauludi da Nowel sun faɗo cikin sati ɗaya. Mauludi kuwa babban biki ne a Umdurman, inda ake saya wa yara alawa iri-iri. A wannan shekara yaran birnin sun sha zaƙi ta ko'ina.

Kwano ba ya komawa wayam

Da hantsin 7 ga Janairu aka yi sallama. Ɗan maƙwabta ne, ɗauke da kwano a rufe. Inna ta karɓa ta yi godiya. Ta juye, ta wanke kwanon, ta cika shi da tumatir na lambun maigida. Ta ce wa ɗanta, "Maza ka kai, ka gaishe ta da kyau. Kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam."

Da dare yaron ya tambayi kaka, "Kaka, mu ma mun san Annabi Isa?"

Kaka ta ce, "Ƙwarai kuwa, jikana. A cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan mahaifiyarsa, Maryamu." Sai ta ba su labarin farkon Musulunci, wajen shekara ta 615. Da aka tsananta wa Musulmi a Makka, wasunsu suka ƙetare teku zuwa Habasha. Sarkin ƙasar, Najjashi, Kirista ne a lokacin. Ya saurari surar Maryamu daga bakin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib. Ya ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga masu neman su. Kaka ta ce, "Kakannin maƙwabtanmu sun taɓa saukar da mu. Yau su ne baƙi a nan. Mu ma kakanninmu baƙi ne suka zo ƙasar nan."

Abin da yaƙi ya yi

Ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya tashi a Hartum tsakanin sojojin ƙasa da wata runduna da ake kira RSF. Aka rufe makarantu. Ruwan famfo da wutar lantarki suka ɗauke a unguwanni da yawa. An lalata masallatai, an lalata coci-coci. Harsashi bai tambayi addinin kowa ba.

Kafin ƙarshen 2024, mutane fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu a faɗin Sudan, kuma da yawansu yara ne. Wasu sun tafi wasu garuruwan ƙasar. Wasu sun ƙetara Masar, ko Cadi, ko Sudan ta Kudu, ko Habasha. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna musayar kwano sun rabu, wasu ko sallama ba su samu sun yi ba. A watan Maris 2025 sojoji suka sake kama Hartum, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan. Da yawa sun tarar an kwashe kayan gidajensu.

Ana iya sake gasa tubali a gina gida. Zaman maƙwabtaka kuwa sai an sake koya wa yara shi, kamar yadda inna da kaka suka yi. A ƙasarmu ma akwai ƴan gudun hijira, har da ƴan Sudan a Agadas. Akwai kuma Kiristoci a Yamai, da Maraɗi, da Dogon Dutsi, da sauran garuruwa. Wataƙila ɗaya daga cikinsu yana zaune kusa da kai a aji. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Mu riƙe wannan

Kowa yana da addininsa da ranar sallarsa. Ba ma yi wa sallar wani dariya. Muna gaishe da maƙwabci ranar murnarsa, muna taimakonsa ranar wahalarsa.

Ma'anar kalmomi

Maniyyaci: mai niyyar zuwa aikin hajji.
Madatsar ruwa: babban gini da ake tare kogi da shi don ban ruwa.
Majami'a: wurin ibadar Kiristoci, coci.
Mafaka: wurin da mai gudun wahala yake samun tsira.
Wayam: babu kome a ciki.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suke haɗuwa a Hartum? Daga ina kowanne ya taso?
2. Faɗi dalilai biyu da suka kai Hausawa Sudan.
3. Don me ba a kwana da murhun gawayi a rufaffen ɗaki?
4. Me ya sa inna ta shiga gayyar yin biskit?
5. Don me wasu Kiristoci suke sallarsu ranar 7 ga Janairu?
6. Shekara nawa ne daga samun ƴancin Sudan zuwa ɓallewar Sudan ta Kudu?

Aiki

Ku zana taswirar hanyar maniyyata daga garinku zuwa Hartum. Sa'an nan kowa ya tambayi kakarsa ko kakansa ko akwai wani danginku da ya tafi Makka ta ƙasa. Ku rubuta abin da aka gaya muku cikin jimla biyar, ku karanta wa ƴan ajinku.